AGOGON KWALBA MAI CI KAMAR GARWASHI: ME YA SA NAKE GANIN YA KAMATA MATASAN ƘARAYE DA ROGO SU GWADA HAƊA SHI?



Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wani irin agogo ba, wanda lambobinsa ke cikin 'yan kwalabe a jere, suna ci da wuta ruwan lemo kamar garwashi. Sunan kwalaben Nixie. Yau ina so mu yi magana a kansu, musamman da kai ɗan uwana mai gyaran waya ko rediyo a Ƙaraye da Rogo, da kai ɗalibin da ke son harkar lantarki amma bai san ta ina zai faro ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: haɗa irin wannan agogo makaranta ce babba, kuma ya dace ka shige ta. Amma kada ka fara da tura kuɗinka ƙasar waje don sayen kwalabe masu tsada, kuma kada ka kwafi zanen Bature kai tsaye, domin shi bai san ana ɗauke wuta ba. Bari in yi maka bayani dalla-dalla.

MENE NE NIXIE, KUMA YAYA TAKE AIKI?

Kamfanin Burroughs na Amurka ne ya fito da ita kasuwa a 1955. A wancan zamani babu sikirin irin na yau, don haka da ita ake nuna lamba a na'urorin awo, da kalkuleta na tebur, da kayan ɗakunan gwaje-gwaje. Daga shekarun 1970 sai fitilun LED da wasu nau'o'in suka ture ta gefe. Tarayyar Sobiyet ce ta ci gaba da ƙera su da yawan gaske har zuwa wajen rushewarta, shi ya sa akasarin waɗanda ake sayarwa a intanet yau tsofaffin ajiya ne daga can, masu suna irin IN-12, IN-14 da IN-18.

A cikin kowace kwalba akwai siraran ƙarafa guda goma da aka lanƙwasa su zuwa siffar 0 har 9, an jera su ɗaya bayan ɗaya, an kewaye su da wata 'yar raga. An zuƙe iskar ciki, an sa iskar niyon kaɗan. Idan ka ba ragar wuta wajen bolt 170, sannan ka haɗa ƙarfen lamba 7 da ɓangaren nagatif, iskar da ke kewaye da 7 ɗin ce za ta kama haske. Babu zaren da ke ƙonewa kamar na ƙwan lantarki na da, shi ya sa kwalbar ba ta yin zafi sosai.

Girman lamba shi ke sa tsada. Lambar IN-12 da IN-14 tsayinta milimita 18 ne, ta IN-18 kuwa milimita 40. Akwai wani mutum a Jamhuriyar Cek, Dalibor Farný, wanda ya farfaɗo da ƙera sababbi da hannu, lambar tasa ta kai milimita 50. Wani abin dariya kuma: idan ka lura da IN-14, lamba 5 ɗinta ba komai ba ce illa 2 da aka kifa. 

"TO MALAM, AI WAYATA TANA DA AGOGO"

Na san wannan ce maganar farko da za ta zo maka, kuma gaskiyarka. Idan sanin lokaci kawai kake so, agogon bango na kasuwa ya ishe ka, batir ɗaya zai kai ka watanni. Ni ma ba don sanin lokaci nake kiran ka ba.

Dubi yadda sana'ar gyara take a wajenmu. Yaro zai yi shekara biyu ko uku a shagon maigida, ya iya canza sikirin, ya iya canza wajen caji, ya iya filashin. Madalla, ana cin abinci da wannan. Amma ranar da aka kawo wayar da hasken sikirinta ya mutu, sau da yawa sai dai a yi ta canje-canje har a dace, ko a ce a kai Farm Centre a Kano. Me ya sa? Saboda ba a koya masa yadda batir mai bolt huɗu ke haifar da bolt goma sha wani abu ko ashirin da fitilun sikirin ke buƙata ba.

To ka ga wannan ƙaramin sakit ɗin da ke ɗaga wuta a cikin waya, mai koyil da dayod da kafasita, shi ne dai zuciyar agogon Nixie. Bambancin kawai, a agogon kana ɗaga bolt 12 zuwa 170, kuma kayan manya ne, kana ganinsu da idonka, kana iya auna su da mita ba tare da madubin ƙara girma ba. Wannan dabarar ce kuma ke cikin ƙananan inbata da yawa, danginta na cikin na'urar cajin sola. Wanda ya haɗa ta da hannunsa sau ɗaya, ya ga inda take zafi da inda take ƙonewa, kallon da zai yi wa inbatar da aka kawo gyara ya sha bamban da na wanda bai taɓa ba.

Ban da wannan, agogo ɗaya zai tilasta maka koyon rubuta umarni ga Arduino ko ESP32, karanta takardar bayanin kaya, lissafin resista, iya dalma mai tsafta, da tsara akwati. Sana'o'i nawa ke nan a aiki guda? Kuma duba masallatanmu: allunan lantarki masu nuna lokutan salla sun yawaita, idan ɗaya ya lalace wa ke gyara shi a kusa? Wanda ya iya haɗa agogo daga tushe, wannan allon ba zai ba shi tsoro ba.

Idan wani ya ce maka irin wannan sai Turawa, tuna masa da Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fizik a Jami'ar Bayero, wanda a 2007 ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, har ya ɗaga daga ƙasa, duniya ta ji labarinsa. Agogo dai bai kai jirgi wuya ba.

DALILIN DA NA CE KADA KA FARA DA ODAR KWALABE

Na farko, kuɗi. Da dala ake cinikinsu, kuma kowa ya san halin da naira ta shiga tun tsakiyar 2023. Yawancin masu sayar da tsofaffin suna gabashin Turai ne, yaƙin Rasha da Yukiren da ya ɓarke a Fabrairun 2022 kuma ya ƙara dagula hanyar fito da kaya daga yankin. Tsofaffin ba a ƙara ƙera su, kullum raguwa suke yi.

Na biyu, gilashi ne. Ka yi tunanin tafiyar da kwalbar za ta yi: jirgi, Legas ko Abuja, Kano, sannan mota ta hanyar Gwarzo zuwa Ƙaraye, ko a zarce Rogo. Ɗaya ta tsage a cikin shida, aikin ya tsaya.

Na uku, mai koyo dole ya ƙona kaya. Hannu ba ya gwaninta sai ya ɓata. Gara ka ɓata abin da ka tsinto a bola da ka ɓata abin da ka sayar da buhun masara ka saya.

Na huɗu, akwai ruɗu a tallace-tallace. Da yawa daga agogunan da ake sa wa sunan Nixie a shafukan saye da sayarwa ƙananan sikirin ne irin na waya aka sa a cikin kwalba, suna nuna hoton lamba. Ba laifi ba ne idan ka san abin da ka saya, amma ka karanta da kyau. Idan ka ga an rubuta IPS, ba Nixie ta gaskiya ba ce.

MATAKAN DA NAKE BA DA SHAWARA

Mataki na ɗaya: agogon LED. Ka samu Arduino Nano, da ɗan allon lambobi huɗu mai TM1637, da allon riƙe lokaci DS3231. Duka bolt 5 suke ci, cajar waya ta isa, babu haɗari. Kana iya tambaya a wajen masu kayan lantarki na Sabon Gari a Kano, ko ka yi oda. A nan za ka koyi saita lokaci, da maɓallan gyara awa da minti. Kada ka raina wannan mataki, umarnin da ka rubuta a nan shi za ka ɗauka zuwa gaba.

Mataki na biyu: gilashin tsohuwar na'ura. Ka tuna hasken nan kore-shuɗi da ke gaban tsohuwar bidiyo mai kaset, da na'urar CD da DVD, da manyan rediyoyi? Sunansa VFD, ɗan uwan Nixie ne ta wajen kasancewa gilashi da aka rufe, amma bolt ashirin zuwa talatin da wani abu ya ishi yawancinsu. Suna nan jibge a shagunan masu gyaran rediyo da wajen 'yan jari bola. Ga yadda za ka gane mai rai: duba kusurwar gilashin, akwai wani tabo baƙi mai sheƙi kamar madubi. Idan ya koma fari kamar alli, iska ta shiga, ya mutu. Sannan ka duba siraran wayoyin da suka ratsa gaban gilashin, kada a samu wadda ta tsinke. Kuma ka ciro shi tare da allonsa, domin sau da yawa akwai aisi mai tuƙa shi a jiki, irin PT6311 ko PT6312, wanda Arduino ke iya yi wa magana da wayoyi uku kacal ban da na wuta.

Gargaɗi a nan: kada ka buɗe na'urar ɗumama abinci ta maikurowef don neman gilashi. Kafasitar cikinta na iya riƙe wutar da ta kai bolt dubu biyu ko bayan an cire ta daga soket, kuma tana kisa. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ma a bar wa wanda ya san ta.

Mataki na uku: Nixie ta gaskiya. Idan hannunka ya faɗa, ka fara da IN-12 guda huɗu, awa da minti. Ita ce daga cikin mafi araha da sauƙin samu. Za ka buƙaci allon ɗaga wuta daga bolt 12 zuwa 170, da aisi K155ID1, wato takwarar 74141 ta Sobiyet, ko kuma tiransista MPSA42 masu jure bolt 300. Kowace kwalba dole a sa mata resista a ƙafar ragar. Lissafin ba wuya: idan ta kama, kwalbar tana riƙe wajen bolt 140, saura 30 a kan resista. Idan kana son miliamf 2 ya wuce, raba 30 da 0.002, ka samu om 15,000. Ka duba takardar bayanin irin kwalbarka kafin ka yanke, sannan ka auna da mita. Wuta ta yi yawa, kwalba ta tsufa da wuri. Ta yi kaɗan, lamba ta riƙa ci rabi-rabi.

AGOGON DA ZAI RAYU A ƘARAYE DA ROGO

A nan ne nake ganin masu kwafe-kwafe ke faɗuwa. Wasu tsofaffin zane-zane da za ka gani a intanet suna ƙirga lokaci ne daga bugun wutar gida, wato sau 50 a daƙiƙa. A ƙasar da wuta ba ta yankewa wannan dabara ce mai kyau. A nan kuwa, an ɗauke wuta lokaci ya ɓace, an tayar da janareta gudunsa na hawa da sauka, agogo ya riƙa gaba ko baya. Madatsar ruwa ta Challawa tana ƙasar Ƙaraye tun 1992, amma kai da ke zaune a nan ka fi kowa sanin cewa ba a gina lissafi a kan wutar NEPA. Don haka ga sharuɗɗa biyar:

1. Lokaci ya zauna a DS3231 mai ɗan batirinsa. Kuskurensa tsakanin digiri 0 zuwa 40 bai wuce kashi biyu cikin miliyan ba, wato kusan minti ɗaya a shekara. Ko a zafin Afrilu da ake haura 40, bai kai minti biyu a shekara ba. Ka guji DS1307 duk da ya fi araha, yana iya zamewa da mintoci a cikin 'yan watanni. Lura kuma: allunan DS3231 masu araha da yawa suna da hanyar cajin batir a jiki. Idan CR2032 ka sa, wanda ba a cajinsa, ka cire ɗan resista ko dayod ɗin cajin, in ba haka ba batirin na iya kumbura.

2. Ya ci bolt 12 kai tsaye daga batirin sola, da fiyus a hanya. Kada ka bi ta inbata ka sake saukowa, asarar wuta ce kawai.

3. Ka yi lissafin ci. Kwalba shida a miliamf 2.5 kowacce, miliamf 15 ke nan, sau 170 ya ba da wat biyu da rabi. Haɗa da asarar ɗaga wuta da cin Arduino, ka ce wat huɗu. A awa 24 ya kusa wat-awa 100. Ƙaramin batir mai 12V 7Ah gaba ɗayansa wat-awa 84 ne, kuma ba a so a zuƙe fiye da rabi. Ka ga ba zai kwana ya wuni ba. Mafita: ka rage kwalabe zuwa huɗu, ka sa na'urar jin motsi ta PIR, agogo ya kama idan mutum ya shigo ɗaki, ya mutu idan ba kowa. Wannan yana ƙara wa kwalaben kwana ma.

4. Saita lokaci ba sai da data ba. ESP32 na iya ɗauko lokaci daga intanet ta hotspot ɗin wayarka sau ɗaya a mako, ya ajiye. Inda sabis ke wahala, ɗan allon GPS irin NEO-6M na karɓo lokaci daga tauraron ɗan adam kyauta, sai dai rufin kwano na tare shi, ka kai eriyar bakin taga. Ka tuna ka ƙara awa ɗaya a kan lokacin GMT, kuma mu ba ma canza agogo da rani ko damina, don haka ka goge wannan sashe idan ka gan shi a umarnin da ka kwafo.

5. Ƙura da laima. Ƙurar hunturu ta kwanta a allo, damina ta zo ta jiƙa ta, sai wutar bolt 170 ta fara bin inda ba a aike ta ba, ka ga lambobi biyu na ci tare. Ka bar tazara tsakanin layukan babbar wuta, ka rufe agogon da gilashi ko roba mai gani, ka bar 'yan ƙofofin iska ta ƙasa.

Akwai kuma wata cuta ta Nixie: lambar da ba a kunna ta sosai, datti daga sauran lambobi na taruwa a kanta har ta fara ci da gutsure. A kwalbar farko ta awa, 0 da 1 da 2 kawai ke aiki, sauran bakwai na zaune. Maganin shi ne ka sa umarni, lokaci-lokaci agogon ya zagaya 0 zuwa 9 a kowace kwalba na 'yan daƙiƙu.

MAGANAR RAI

Wannan sashe kada ka tsallake shi. Bolt 170 ba wasan yara ba ne. Wasu za su ce ai ƙarfin wutar kaɗan ne, amma kafasita tana tara ta, kuma tana riƙe ta bayan ka kashe. Ka sa resista mai wajen om miliyan ɗaya tsakanin ƙafafunta don ta riƙa zubar da ita, ka jira, ka auna da mita kafin ka taɓa. Idan kana awo wuta na kunne, hannu ɗaya ka sa, ɗayan a aljihu. Kada ka yi aiki ba takalmi a kan siminti mai danshi. Kada ka taɓa ɗauko wutar kwalabe kai tsaye daga soket, ko da ka ga zanen da ya nuna haka. Kada ka ce za ka yi dabara da allon abin kashe sauro mai kama da raket, wutarsa ta haura bolt dubu.

Kwalabe da yawa suna da 'yar zaiba a ciki. Idan ɗaya ta fashe, buɗe taga, fitar da yara, kwashe da takarda, kada ka taɓa da hannu. Kuma agogon da za a ajiye a gida mai yara dole akwatinsa ya rufu da sukurori. Duk kyan abu, idan zai cutar da ƙaninka, bai kammala ba.

INDA MUKA FI SU

Kwalaben na waje ne, amma jikin agogon fa? Ga kafintocinmu masu aikin katakon maɗaci, ga masu sassaƙar ƙwarya, ga dukawa masu aikin fata. Agogon da lambobinsa ke ci a kan gindin katako mai zanen dagi, ko a cikin ƙwarya da aka yi wa ado, abu ne da ba za a same shi a wata kasuwar duniya ba. Ba zan yi maka alƙawarin za ka yi arziki da shi ba, masu sayen irin wannan kaɗan ne, kuma mai neman abin sawa a tukunya ba zai saya ba. Ribar da na tabbata da ita ita ce ilimin da zai zauna a hannunka, da kuma abin da za ka ajiye a gaban shago mai wucewa ya tsaya ya ce, "Wa ya haɗa wannan?" Wanda ya tsaya yau, shi zai kawo maka inbatarsa gobe.

Ga iyayen gida masu shaguna: ku ware wa yaranku ko da yammacin Juma'a ne su taɓa irin wannan aiki, ku bar musu tarkacen da ke ƙarƙashin benci. Ga matasa: ku haɗu uku ko huɗu, wani ya sayi Arduino, wani mita, wani ayan dalma, ku yi karo-karo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan uwa mata masu sha'awar kimiyya, wannan aiki ne na tebur, a cikin ɗaki ma ana yin sa, bai bar ku a baya ba.

Aikin wannan mako mai sauƙi ne. Ka je wajen mai gyaran rediyo mafi kusa da kai, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙi gaban tsohuwar DVD da ta mutu. Ka duba tabon nan na kusurwa, baƙi ne ko fari? Ka karanta lambar aisin da ke bayan allon, ka rubuta ta. Ka ɗauki hoto ka turo mana, in Allah ya yarda a darasi na gaba za mu nuna yadda ake gano ƙafafunsa da mita, da yadda ake kunna shi karon farko.

Ku tura wa duk wani mai gyara da kuka sani a Ƙaraye, Rogo da kewaye. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya tsare mu daga haɗari. Amin.